Tambaya da Amsa: Zan Kai Iyalina Tsibirin Bakin Teku, Me Ya Kamata In Sani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Ina yawan zuwa Legas saro kaya, amma ban taɓa zuwa bakin teku da sunan hutu ba. Yara sun matsa min lamba in kai su a hutun ƙarshen shekara, sun ga wani tsibiri a waya mai farin rairayi, ana tuƙa ƙananan kwalekwale, ana kallon tsuntsaye. Babban ɗana shekararsa 16, ya iya iyo, a Tiga ya koya. Ƙannensa biyu ba su iya ba, mahaifiyarsu kuma tana tsoron ruwa. Ina za mu je, yaushe, kuma me zan kiyaye?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji. Allah ya saka da alheri da wannan niyya, kai yara su ga teku da idonsu ilimi ne babba. Amma a cikin duk abin da ka rubuto, wanda ya fi tsaya min a rai shi ne maganar babban yaron nan da ya iya iyo. Ban damu da Hajiya ba, mai tsoron ruwa ba ta shiga inda zai cinye ta. Za mu dawo kan yaron, bari in fara kwatanta maka irin wurin da za ku je.

Gaɓar Legas, tun daga Badagiri har ta wuce Lekki, siririyar ƙasa ce ta rairayi da igiyar ruwa ta tara a tsawon zamani, ta raba babban teku da tafkunan da ke bayanta. Ka ɗauke ta kamar ganuwar Kano: a waje teku ne mai ƙarfi, a ciki ruwa ne kwantacce, sai 'yan ƙofofi inda ruwan ke shiga yana fita. Saboda haka duk tsibirin irin wannan gefe biyu ne da shi, kuma halinsu ya sha bamban. Gefen teku na kallo ne da wasan rairayi. Gefen tafki shi ne na kwalekwale da yawancin tsuntsaye. Tsakaninsu wani lokaci tafiyar ƙafa ce ta ƙasa da rabin awa, shi ya sa baƙo ke zaton ruwa ɗaya ne, alhali kuwa ba haka ba ne.

A Legas ba za ka sami wuri guda da ya haɗa maka abubuwan nan uku yadda ya kamata ba, sai ka raba su kwana biyu ko uku. Na rairayi, ina ba iyali shawarar Tarkwa Bay. Sai da jirgin ruwa ake zuwa, daga wajen Marina ko Falomo, tafiyar ba ta kai rabin awa. Abin da ya sa ruwansa ya fi sauran laushi shi ne dogayen katangun dutse da Turawa suka fara ginawa a 1908 don kare mashigar jiragen ruwa, su ne ke karya ƙarfin igiya kafin ta iso. Waɗannan katangun kuma su ne suka tare rairayin da teku ke turawa daga yamma zuwa gabas, har gaɓar Bar Beach ta zaizaye, inda yanzu aka cike ake gina sabon birnin Eko Atlantic. Na tsuntsaye da birai, akwai Cibiyar Kare Muhalli ta Lekki, wadda Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya, NCF, ta kafa a 1990. Faɗinta hekta 78 ne, tana da hanyar katako a kan fadama, da wata gadar lilo a saman bishiyoyi mai tsawon mita 401. Babu bakin teku a cikinta, kada yara su sa rai. A riƙe abinci da kyau, biran wurin sun saba da mutane, suna fizge leda daga hannun yaro.

In kana son yara su gane yadda tsibirin yake daga wannan gefe zuwa wancan, ka kai su Gberefu a Badagiri. Za ku tsallaka tafki a jirgi cikin 'yan mintuna, ku taka a ƙafa cikin rairayi da bishiyoyin kwakwa har ku ji ƙugin teku kafin ku gan shi. Hanyar da aka bi da bayi ce zuwa jiragen Turawa, kuma a cikin waɗanda aka fitar ta wannan gaɓa zuwa Bahiya ta ƙasar Barazil akwai Hausawa da yawa. Wannan tarihi ne da ya kamata ɗan Kano ya sani. Wurin da ya fi kusa da abin da yaranka suka gani a waya, wato gandun daji a kan tsibiri mai rairayi da tsuntsaye a haɗe, shi ne Finima a tsibirin Bonny na jihar Ribas, mai faɗin kimanin hekta 1,000. Sai dai tafiyar ta fi nisa da wahala ga mai ƙananan yara, ni dai zan bar ta sai wani zuwan.

Lokacin da ka zaɓa ya yi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu teku ya fi lafawa, ruwan sama ya ɗauke, baƙin tsuntsaye daga Turai kuma suna nan. Daga Yuni zuwa Satumba ne igiya ke haukacewa. Ku je ranar aiki da safe. Asabar da Lahadi, musamman a ƙarshen Disamba, wuraren nan na cika da kiɗa da shaye-shaye, ba za ka ji daɗin zama da iyali ba.

To, maganar yaro. Ruwan Tiga a tsaye yake, in ka gaji ka juya ka koma gaɓa. Teku ba haka ba ne. Duk igiyar da ta fashe a bakin rairayi ruwa ta zubo, kuma dole ruwan nan ya koma inda ya fito. A wasu wurare yakan taru ya haƙa wa kansa magudana a cikin rairayin ƙasa, ya riƙa kwarara zuwa cikin teku da gudu. Gudun nan kan kai mita biyu a daƙiƙa ɗaya ko fiye, babu gwanin iyon da zai iya gaba da shi. Abin da ya sa yake cin mutane shi ne wurin ya fi ko'ina kyan gani. Hagu da dama igiya na fashewa da farin kumfa, a tsakiya kuwa sai ka ga wani gurbi shiru, ruwansa ya ɗan fi duhu. Baƙo sai ya ce ga wuri mai lafiya, ya shiga. In ka tsaya a kan tudu ka zuba ido na minti biyar za ka ga kumfa da tarkace suna tafiya cikin teku ta wannan gurbi maimakon su dawo gaɓa. Wannan ce alamar.

Ka zaunar da shi tun a gida ka gaya masa: in ya ji ruwa na jansa, kada ya yi kokawar komawa gaɓa kai tsaye, nan ne ƙarfi ke ƙarewa. Ruwan ba ƙasa yake jan mutum ba, nesa yake kai shi, kuma magudanar ba ta cika faɗi ba. Ya kwanta rigingine ya yi numfashi, ya ɗaga hannu ɗaya a gan shi, sannan ya yi iyo ta gefe, yana bin layin gaɓa, har ya fita daga cikin jan, igiya ta taimaka masa ta turo shi waje. Kai kuma, Alhaji, ko da ranka zai fita don tausayi, kada ka faɗa ruwa ka bi shi in ba horo gare ka ba. Sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ake rasawa. Ka ƙwala ihu, ka nemi masunta da masu jirgi, ka jefa masa abin da ke yawo a kan ruwa, ko jarka ce rufaffiya da ba komai a ciki. Lambar gaggawa a Legas 112 ce ko 767. Amma ni abin da na fi so shi ne, a gaɓar da ke fuskantar teku kai tsaye kada kowa a cikinku ya wuce ruwan gwiwa. Rairayin gaɓar Legas gangare ne da shi, taku biyu kawai ka ji ƙasa ta ɓace a ƙarƙashinka, igiya mai komawa kuma tana kwashe rairayin da ke ƙarƙashin diddige. Ƙananan a riƙe hannunsu, kuma kada kowa ya juya wa teku baya don ɗaukar hoto.

Sutura ma magana ce. Dogon hijabi da doguwar riga in suka sha ruwa nauyi suke yi, su naɗe ƙafa. Wanda zai taɓa ruwa ya sa riga mai dogon hannu da wando marasa nauyi, 'ya mace ta sa ƙaramin hijabi da ba ya jan ƙasa. An rufe jiki, kuma ba a ɗaure shi ba.

A jirgin haya, ba sai na yi wa Bakano dogon bayani ba. Ba mu manta da Bagwai ba, ƙarshen Nuwamban 2021, lokacin da jirgi ya kife a dam ɗin Watari aka rasa mutum fiye da 20, mafi yawansu ɗaliban Islamiyya. Lodi ya yi wa jirgin yawa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Legas, LASWA, ta wajabta sa rigar kariya, amma kai ne za ka duba ta da hannunka. Ka ɗaure wa yaro ita, ka kama kafaɗun rigar ka ɗaga sama. In ta zamo ta rufe masa kunne, ta yi masa yawa, a cikin ruwa za ta fice ta bar shi. Gara ka sayi na ƙananan naka ka tafi da su. In ka ga an cika jirgi ana ƙara mutane, ku sauka ku jira na gaba ko da an riga an karɓi kuɗinku. Ku yi sallar la'asar ku kama hanyar dawowa, kada magariba ta same ku a kan ruwa.

Ƙaramin kwalekwalen da yara suka gani shi ake kira kayak, na roba ne, mutum ɗaya ko biyu yake ɗauka, filafilinsa baki biyu. Ana ba da hayarsa a kwantaccen ruwa wajen Ikoyi da Lekki. Ku ɗauki mai biyu, tare da ɗan jagora, babba ɗaya yaro ɗaya. A nan ne sanin lissafin wata zai yi maka amfani, kuma mu mun riga mun saba da shi. Teku yana cika ya janye sau biyu a kwana ɗaya, tsakanin cika da janyewa awa 6 da 'yan mintuna, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kimanin minti 50. Jan wata ne ke kawo haka. A farkon watan Musulunci da kuma wajen 14 zuwa 16 gare shi cikar ta fi yawa, gudun ruwa a mashigu ya fi ƙarfi. Wajen 7 da 8, ko 22 da 23, ruwan ya fi sauƙi, su ne kwanakin ɗan koyo. In za ku fita, ku fara da tunkarar ruwa da iska tun kuna da ƙarfi, don su turo ku gida in kun gaji. In jirgi mai inji ya wuce, ku juya hancin kwalekwalen ya fuskanci igiyar da ya tayar, kada ta same ku ta gefe. Mashigar manyan jiragen ruwa kusa da Tarkwa Bay kuwa ba wurin kayak ba ce ko kaɗan.

Tsuntsaye su ne rabon Hajiya, don ba sai an jiƙa ƙafa ba. Madubin hangen nesa guda ɗaya mai lamba 8x42 ya ishe ku, ku fito da sassafe. A gefen tafki ku nemi wani ɗan tsuntsu mai zanen baƙi da fari wanda ke tsayawa cak a iska yana kaɗa fukafukai, baki a ƙasa, sai ya faɗo ruwa ya fito da kifi. Za ku ga zalɓe iri-iri, har da wani mai launin toka mai duhu da farin maƙogwaro wanda ba a cika ganinsa nesa da ruwan gishiri ba, ga kuma wani tsuntsu mai dogon baki lanƙwasasshe yana zaƙulo ƙaguwa daga rami. Wanda na fi so yara su gani yana gefen teku: 'yan ƙanana farare-farare, suna bin igiya da gudu in ta janye, su tsattsaga jiƙaƙƙen rairayi da baki, su juyo da gudu in ta dawo. Ba su kai kurciya girma ba, amma a can ƙarshen arewacin duniya, ƙasashen ƙanƙara, suke yin ƙwai, su keto dubban kilomita su zo nan su yi rani. Lokacin da ruwa ke hawowa, kamar awa biyu kafin ya cika, ya fi kyau, don yana koro su kusa da kai. Ku zauna wuri ɗaya su zo da kansu. Kada a bar yara su kora su don a ga tashinsu, ƙarfin da za su koma gida da shi ne suke tarawa.

Sallah ba matsala, ruwan teku mai tsarki ne, hadisi ya tabbatar ana alwala da shi. A gaɓar da ke kallon kudu, in ka fuskanci teku, gabas na hannun hagunka, alƙibla kuma ta ɗan karkata arewa da nan. Ku tafi da ruwan sha mai yawa, da hula, da maganin sauro, da tsabar kuɗi a cikin ledar da ba ta shan ruwa, ku kuma dawo da shararku.

Kafin tafiyar, ka sayi madubin tun yanzu ka kai yara gonakin shinkafa na Kadawa da Kura wata Asabar da safe, su koyi saita shi a kan balbela da kirinjijiya, don yaron da bai saba ba yakan ɓata rabin safiyarsa yana neman tsuntsu a cikin gilashi. In abin ya shiga ransu, Dagona ta jihar Yobe, cikin fadamar Haɗeja da Nguru, na karɓar dubban baƙin tsuntsaye daga Turai a wannan lokacin na hunturu, kuma ta fi Legas kusa da ku nesa ba kusa ba. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.