Tambayoyi da Amsoshi: Sauraron Wasan Ƙwallo ta Waya

Tambaya: Na haɗa abin sauraro na Bluetooth da wayata domin in bi sharhin wasa a rediyon FM, amma rediyon ya ƙi buɗewa.

Amsa: Igiyar abin sauraro ita ce eriyar FM ɗin waya, shi kuwa Bluetooth ba shi da igiya. Ka soka mai igiya, ko da kunne ɗaya ya mutu, sannan ka mayar da sautin zuwa lasifika.

Tambaya: Ina sauraron wasa ta intanet, amma kullum maƙwabcina mai rediyo ke riga ni ihun an zura ƙwallo. Wayata ce ta tsufa, in sauya?

Amsa: Wannan ita ce wasiƙar da ta fi yawan zuwa mini, kuma har yanzu ban gane dalilin da ya sa mutum zai ɗauki kuɗinsa ya sayi sabuwar waya saboda daƙiƙa talatin ba. Wayarka lafiyarta ƙalau. Sautin intanet ana yanyanka shi ne gutsi-gutsi, kuma waya ba ta fara kunnawa sai ta tara gutsattsari da dama a ajiye, domin kada murya ta yanke idan sabis ya yi rauni. Wannan tarin ne ke sa ka a baya da rabin minti, wani lokacin har ya kai minti guda, alhali FM na isa kunne kusan nan take. Ko wayar da ta fi kowace tsada ka saya, maƙwabcinka zai ci gaba da riga ka.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, mafi yawanku ku ke ɓata wa kanku wasan da hannunku. Kun bar manhajar sakamakon wasa tana turo sanarwa, ga rukunin WhatsApp na ta kaɗawa, sannan ku zo kuna kuka an faɗa muku ci kafin mai sharhi ya buɗe baki. A watan Janairun 1927, da BBC ta fara watsa sharhin ƙwallo a karawar Arsenal da Sheffield United, an buga wa masu sauraro taswirar fili mai gida takwas, wani na kiran lambar gidan da ƙwallo take, su kuma suna zana wasan a zuci. Ku kashe sanarwa, ku kife waya, ku bar muryar mai sharhi da hayaniyar 'yan kallo su yi aikinsu. Ni dai ƙaramin rediyo mai batir nake ajiyewa domin ranar wasa. Idan kuma dole sai intanet, sauti mai saurin kilobit 64 a daƙiƙa ba ya cin data fiye da megabait 30 a awa guda.

Tambaya: Da zarar fuskar wayata ta mutu, sai sharhin ya tsaya.

Amsa: Tsarin tattalin batir ne ke kashe manhajar. Ka shiga saitin batir ka cire mata takunkumi.