Ina shan maganin ciwon hanta na C kuma ina zuwa aiki, albashina halal ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. An gwada ni an ce ina da ciwon hanta nau'in C, yau sati uku kenan da fara magani, likita ya ce sati 12 zan yi. To matsalar da azahar ta yi sai jikina ya mutu, kai na ta sarawa, wani lokacin sai in kifa kai a tebur ga fayil a gabana na kasa buɗewa. Ban faɗa wa oga ba don tsoro nake kar a riƙa guduna ko a sallame ni, ranar gwajin jini ma cewa na yi yarona ne ba lafiya. Albashina halal ne? Kuma dole sai na faɗa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Sannu ɗan'uwa, Allah ya ba ka lafiya ya sa kaffara ne.

Ka ci gaba da aikinka, albashinka halal ne matuƙar iya ƙarfinka kake yi, ba fakewa kake da ciwon ba. Allah ya ce a Suratut Tagabun ku ji tsoron Allah gwargwadon ikonku, kuma Annabi (SAW) ya ce wa Imrana bin Husaini ya yi salla a tsaye, in ya kasa a zaune. To in salla an sassauta wa mara lafiya, ina ga aikin ofis.

Maganar faɗa kuwa, sunan ciwon sirrinka ne, bai wajaba ka faɗa ba. Dalili, abin da zai wajabta faɗa shi ne cutar da wani, saboda hadisin "la darara wa la dirar" (ba cuta ba cutarwa), shi kuma wannan ciwon ta jini ake ɗaukarsa, ba a ɗauka ta musabaha ko kofin ruwa ko zama ofis ɗaya, wallahi mutane da yawa jahilcin wannan ne ke sa su gudun ɗan'uwansu ba gaira ba dalili, abin na damuna ƙwarai. Kai dai kar ka ara wa kowa reza ko abin yanke farce, in ka yanke ka rufe wajen ka goge jinin da kanka. Amma da aikinka na taɓa jini ne, irin mai tiyata ko ungozoma, nan hukuncin ya canza, dole ka bi ƙa'idar wajen aikin ka sanar da wanda ya kamata. Haka direba ko mai aiki da inji, ranar da ya ji jiri haramun ne ya hau, rayuka ne a hannunsa.

Inda ka yi kuskure shi ne ƙaryar yaron nan. Ɓoye sirri daban, ƙarya daban. Ka yi istigfari, gaba ka ce "ina ganin likita, akwai maganin da nake sha na wata uku", gaskiya ce kuma ta wadatar, in sun nemi takarda likita zai rubuta ba sai ya sa sunan ciwon ba. Ka nemi hutun rashin lafiya na ranakun gwaji, ka jawo aiki mai nauyi zuwa safe tunda ka san lokacin da jikin ke mutuwa, abin da ya gagara ka faɗa a fili kar ka sa hannu kan aikin da ba ka yi ba, nan ne haram ke shigowa. Shi ma ogan, shari'a ta hana shi ɗora wa na ƙasa da shi abin da ya fi ƙarfinsa.

Abin da na fi ji maka tsoro kar gajiya ta sa ka ajiye maganin ko ka riƙa tsallake rana don ka samu ƙarfin aiki. Ban halatta maka wannan ba. Ƙwayoyin yanzu irin su sofosbuvir da daclatasvir ba kamar allurar intaferon ta da ba ce da ake kai sati 48 ana wahala, waɗannan sau ɗaya ne a rana kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suna warkar da fiye da kashi 95 cikin 100, alhali ciwon in an bar shi yana iya ƙeƙasar da hanta har ya kai ga ciwon daji (kansa). Ka sa ƙararrawa a waya, lokaci ɗaya kullum, ka tambayi likita ko za ka iya mayar da shi dare, kuma kar ka haɗa da wani magani ko na ciwon kai ne ko na gargajiya sai ya sani. Azumin nafila ka dakata tukuna, na farilla in likita ya ce zai cutar da kai ka sha ka rama. Sati 12 bayan ka gama shan maganin akwai gwajin da zai tabbatar ƙwayar cutar ta tafi, shi ma ka nemi izinin ranar tun da wuri.

Wallahu a'alam.