Me ya sa ni da ƙanwata muke ganin launi daban a hoto ɗaya?

Malama, kin ce ke kina ganin rigar da ke cikin hoton fari da ruwan zinare, ƙanwarki kuma ta rantse shuɗi da baƙi ce. Kwantar da hankalinki, idonki lafiya ƙalau. Hoton nan ya haddasa musu a intanet a 2015, kuma ƙanwarki ce ta canka, rigar shuɗi da baƙi ce.

Ƙwaƙwalwa takan fara ƙiyasta hasken wurin kafin ta yanke launi. Taki ta ɗauka rigar tana cikin inuwa mai shuɗi-shuɗi, sai ta zare shuɗin, kika ga fari da ruwan zinare. Tata kuwa ta ɗauka hasken fitila ne mai ruwan ɗorawa, sai ta zare ruwan ɗorawar, ta ga shuɗi da baƙi. Ni kam ko atamfa zan saya, sai na fito da ita bakin shago na duba a rana kafin in biya.