Shin barikin soja zai iya tsira daga annobar zombi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗalibi ne, a bariki na tashi don mahaifina soja ne. Mun yi gardama da abokaina bayan mun kalli fim ɗin zombi, gawarwakin nan da ke tashi suna cizon mutane, duk wanda suka ciza ya koma irinsu. Na ce bariki ba zai taɓa faɗawa hannunsu ba, suka ce ko kwana uku ba zai yi ba. Wa ya fi gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Da farko ka kwantar da hankalinka, babu wata cuta da ke tayar da gawa. Kalmar zombi daga al'adun mutanen Haiti ta fito, masu shirya fina-finai a Amurka suka ɗauke ta suka yi mata kwaskwarima. Abin da ya fi kusa da ita a asibiti shi ne ciwon haukan kare, wanda ke shiga ta cizo ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara a duniya. Shi ma yakan yi wata biyu zuwa uku a jiki kafin ya bayyana, kuma ba a taɓa tabbatar da mutum ya sa wa mutum shi ta cizo ba.

Duk da haka tambayarka ba ta wasa ba ce, domin sojojin Amurka da kansu sun zauna a kanta. A watan Afrilun 2011 wasu hafsoshi a wata babbar rundunarsu da ke kusa da Omaha a jihar Nebraska suka rubuta shirin yaƙi da zombi mai suna CONPLAN 8888, mujallar Foreign Policy ta fito da shi fili a 2014. Sun yi shi ne don koya wa hafsoshi tsara shiri, suka zaɓi abokin gaba na ƙage don kada wata ƙasa ta zaci ita ake nufi.

Idan faɗa ne a bakin katanga, kai ka fi gaskiya. Maharin da ba ya harbi, ba ya laɓewa, ba ya tunani, yana tahowa tsaye a fili, wannan shi ne abokin gaba mafi sauƙi da soja zai gamu da shi. Cizonsa ba ya huda motar sulke. Rami mai zurfi da waya da 'yan bindigogi a bisa hasumiya sun ishe shi.

Amma tunda a bariki ka tashi, ka tuna yadda ƙofarsa take da safe. Matan sojoji na fita cefane, yara na tafiya makaranta, masu kayan miya da 'yan acaɓa na shigowa kasuwar mami, ma'aikata farar hula na nuna kati suna wucewa. Bariki gari ne a cikin gari. Annoba kuwa ba ta haura katanga, ta ƙofa take shigowa, a jikin wanda aka sani, mai gadi ma ya sara mata. Nan ne abokanka suke da hujja, kuma tarihi yana bayansu.

A watan Satumban 1918 murar nan da ta game duniya ta shiga sansanin sojan Devens a jihar Masachusets ta Amurka. An gina shi don mutum kusan 36,000, aka cusa masa kimanin 45,000. Kafin watan ya ƙare sama da 14,000 sun kwanta, sama da 700 sun rasu, a wurin da ke cike da bindigogi. Kada ka ce ai da can ne. A 2020 korona ta shiga jirgin ruwan yaƙin Amurka Theodore Roosevelt, wanda teku ne ya kewaye shi ta ko'ina, bayan ya yada zango a Biyetnam. Cikin ma'aikata kusan 4,800 fiye da 1,200 suka kamu. Dalilin ɗaya ne: soja tare suke kwana, tare suke cin abinci, gado bisa gado. Abin da ke ba su ƙarfi a fagen fama shi ke ba cuta hanya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda aka ciza ya ɓoye. Ka ɗauka kofur ya dawo sintiri da tabon haƙora a hannu, ya sauke hannun riga ya rufe, don ya san abin da zai biyo baya. Ko kuma ɗansa ne aka ciza a makaranta, uwar ta goyo shi ta zo ƙofa tana kuka. Wane mai gadi ne zai kore ta? Ban ga laifin zuciyar da ta karaya a wannan wuri ba, amma da irin wannan tausayin ake rasa bariki sukutum.

Akwai sansanin da ya ci wannan jarrabawa. A 1918 ɗin dai, kwamandan makarantar sojan ruwa da ke tsibirin Yerba Buena a gaɓar San Faransisko ya rufe tsibirin a ƙarshen Satumba, tun cutar ba ta iso ba. Mutum kusan 6,000 ne a ciki har da iyalai. Ba mai fita, sabon shigowa sai an killace shi, masu kawo kaya su sauke daga nesa su juya. Wata biyu ana mutuwa a birnin da suke hangowa, su ko mutum ɗaya bai kamu ba. Sai bayan an buɗe ƙofa cutar ta shiga. Haka a Legas a 2014, Dakta Stella Adadevoh ta hana Patrick Sawyer, matafiyin da ya shigo da cutar Ebola daga Laberiya, fita daga asibiti duk da matsin da aka yi mata, Ebola ta tsaya a kan mutum 20 a Najeriya, 8 suka rasu har da ita, Allah Ya saka mata.

To a ce an rufe da wuri, saura ciki. Mutum 5,000, kowa lita 15 a rana, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da masu aikin agaji ke lissafawa na sha da girki da tsafta, ka ga lita 75,000 ke nan kullum. Rijiyar burtsatse sai da famfo, famfo sai da wuta, janareta sai da dizal, dizal kuma daga waje yake zuwa. Haka shinkafa, haka magani. Idan ruwa ya yanke, kwalara za ta riga zombi shiga.

Saboda haka ka gaya wa abokanka kowannenku ya kama wani ɓangare. Barikin da ke tsakiyar gari, wanda ya jira sai ya ga cutar da idonsa kafin ya rufe ƙofa, zai faɗi daga ciki. Wanda ke tsibiri ko nesa da jama'a, mai ruwansa da wutar sola da rumbun abinci, da ɗakin killace duk mai dawowa daga waje komai girman muƙaminsa, ana tuɓe shi a duba jikinsa, wannan zai yi watanni a tsaye. Ka gaida mahaifinka, ka kuma tambaye shi kwana nawa abincin da ke ma'ajiyar barikinsu zai kai su idan aka rufe ƙofa yau.