Tambayi likita: hoton cikin ido, hawan jinin ido da ciwon mantuwa

Tambaya daga wani magidanci a Bukoki, Yamai: Ina gani garau, amma an ce in yi hoton OCT don mahaifina ya makance da hawan jinin ido. Dole ne?

Malam, ka je, kada ka ja lokaci. Wannan ciwo ba ya sallama kafin ya shigo. Daga gefe yake fara cin gani, tsakiya ce ƙarshe, kuma ido ɗaya yana rufa wa ɗan'uwansa asiri, shi ya sa mutum ba ya lura. Jijiyar gani na ɗauke da zare sama da miliyan ɗaya, kuma da yawa kan mutu kafin gwajin faɗin gani ya nuna wani abu. Na'urar OCT da haske take aiki, ba allura, ba ta ma taɓa idon. Tana auna kaurin shimfiɗar zaren jijiya a bayan ido, wanda a lafiyayyen baligi yake kusan mikron 90 zuwa 100 (mikron 1000 ne milimita ɗaya). Awon matsin ido kaɗai bai isa ba: 10 zuwa 21 ne daidai, amma akwai masu ciwon da matsinsu bai taɓa wuce 21 ba. Zaren da ya mutu ba ya dawowa, don haka ka tafi tare da ƴan'uwanka da suka haura shekara 40.

Wata uwa daga Tawa: Takardar hotona ta fito da ja. Na kamu ke nan?

Ba lalle ba, Hajiya. Ja na nufin kaurin bai kai na yawancin tsaranki da aka ajiye a na'urar ba. Yanar ido, bushewar ido lokacin hunturu, motsi yayin ɗauka, ko tsananin rashin ganin nesa, duk suna kawo jan ƙarya. Kore ma, wanda ke nufin kaurin daidai yake, yana yaudara. Ni na fi dogara ga kwatanta hoto da hoto: ki adana takardar, a sake bayan wata 6 zuwa 12, a na'ura iri ɗaya, a haɗa da duban jijiyar da gwajin faɗin gani. Kuma don Allah a guji ɗigon ido na kasuwa mai dexamethasone, yana iya ɗaga matsin ido.

Wani ɗalibi daga Yantala: Kakata na yawan mantuwa. Hoton ido zai nuna ko Alzheimer ce?

A'a, ɗana. Gaskiya ne tantanin bayan ido daga ƙwaƙwalwa ya tsiro, kuma bincike ya nuna yana sirancewa ga masu Alzheimer (ciwon mantuwa) da Parkinson (ciwon karkarwar jiki). Sai dai tsufa, ciwon suga da hawan jinin ido ma suna sirantar da shi, hoton kuwa ba ya rarrabewa. Ka kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa a yi mata gwajin tunani da na jini, don ƙarancin bitamin B12 da raunin thyroid (wata halitta a wuya mai daidaita aikin jiki) suna kawo mantuwar da ake iya magancewa.