Tsohon ɓeran Masar ɗinmu ya rame bayan jinya, me zan ba shi ya murmure?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Muna da ɓeran Masar namiji, na 'yata ne, tun tana firamare aka ba ta shi, yanzu ya kai shekara 6. A sanyin da ya wuce ya yi mura mai tsanani, hanci na zuba, numfashinsa na ƙara. Likitan dabbobi ya ɗora shi a kan magani, alhamdu lillahi ya warke. To amma tun daga nan jikinsa bai dawo ba. Da yakan kai giram 1,050 a sikelin kicin, yanzu 780 ne, in ka shafa bayansa ƙashi kake ji. Yakan zo wurin abinci da ɗoki, ya ɗan taɓa ya bari, haɓarsa kuma kullum a jiƙe. Mai kemis ɗin unguwarmu ya ce sauran ciwo ne a jikinsa, ya ba ni Ampiclox na ruwa irin na yara da maganin ƙarin jini. Maƙwabciyata kuma ta ce in riƙa ba shi gyaɗa da masara zai yi ƙiba. Na sayo maganin amma ban fara ba shi ba. Yarinyar ta hana kanta sukuni, ni ma hankalina a tashe yake. Tsufa ne kawai, ko akwai abin da za mu iya yi?

Daga wata uwa a Kaduna

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara sauƙi, ya kuma saka miki da alheri da kika tsaya kika tambaya kafin ki buɗe kwalbar nan. Kada ki ba shi Ampiclox ɗin nan, ko ɗigo ɗaya. Wannan magani da ake ba jarirai lafiya lau yana iya kashe ɓeran Masar cikin 'yan kwanaki, kuma wanda ya tsufa ya rame irin naku ba shi da ƙarfin da zai jure masa.

Zan ɗan daɗe a kan wannan, domin babu kuskuren da na fi cin karo da shi a wurin masu kiwon ɓeran Masar da zomo kamarsa. Mutanenmu sun ɗauki kafso a matsayin maganin ƙarfin jiki. Dabba ta yi laushi, a ba ta kafso. Ta ƙi cin abinci, a ɓare ja da baƙi a zuba a ruwa. Ga akuya ko kare wataƙila a tsira da asarar kuɗi kawai, amma cikin ɓeran Masar daban yake. Kin san ciyawa yake ci, kuma ba shi da kansa yake narkar da ita ba. Akwai wata babbar jaka a hanjinsa, wadda ke ɗauke da fiye da rabin abin da ke cikin cikinsa, cike take da ƙwayoyin bakteriya masu amfani, su ne ke sarrafa masa ciyawar. Mafi yawansu daga jinsin da fenisilin da danginsa suka fi kashewa ne. Da zarar maganin ya shiga ya share su, sai fili ya buɗe wa wata muguwar ƙwaya mai suna Clostridium difficile, ta hayayyafa, ta riƙa zuba guba a cikin hanji. Dabbar ta daina ci, ta takure a lungu, gashi ya tashi, jiki ya yi sanyi, wani lokaci zawo ya ɓarke, wani lokaci ma ba a kai ga ganin zawon ba sai a wayi gari ta mutu. Abin baƙin cikin shi ne ba a ranar da aka ba da maganin ake ganin illar ba, sai bayan kwana ɗaya zuwa biyar, shi ya sa mai dabba ba ya taɓa zargin maganin. Sai ya ce ai ciwon ne ya fi ƙarfinta, gobe kuma ya sake ba wata.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun a shekarun 1940, lokacin da aka fara gwajin fenisilin, masu bincike suka lura yana kashe ɓeran Masar alhali ƙananan ɓerayen gwaji na warkewa da shi. Yau sama da shekara 80 ke nan, amma har yanzu a unguwanninmu ana miƙa wa mutane shi da cikakken tabbaci.

Ga sunayen da za ki kiyaye, yadda ake rubuta su a jikin kwali: penicillin, ampicillin, amoxicillin, cloxacillin, clindamycin, lincomycin, erythromycin, da dangin cephalexin. Ampiclox haɗin ampicillin da cloxacillin ne, wato biyu a kwalba guda. Augmentin ma yana ciki. Kuma kada wani ya ce miki ai in ta allura ce babu komai. Allurar Penstrep da ake yi wa tumaki da awaki ita ma tana jawo wannan cuta. Haka hodar kaji da ake zubawa a ruwan sha, wadda masu sayarwa ke kira bitamin: da yawa daga cikinsu akwai erythromycin da streptomycin a haɗe. Ki karanta bayan leda da idonki.

Ban ce ɓeran Masar ba ya shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba. Akwai waɗanda muke amfani da su, irin su enrofloxacin da haɗin trimethoprim da sulfa, kuma ina kyautata zaton ɗaya daga cikinsu aka ba shi lokacin murar, tunda ga shi da rai. Amma su ɗin ma da awo ake ba da su gwargwadon nauyin dabba, bayan an duba an ga akwai cutar da za a kashe. Su ma sukan taɓa cin abinci, kuma mai yiwuwa suna da hannu a ramar da kike gani. Rama kaɗai ba hujja ba ce ta shan irin wannan magani. Mutumin da bai taɓa dabbar ba, bai saurari ƙirjinta ba, bai buɗe bakinta ba, da me ya san akwai sauran ciwo? Ba na zargin mai kemis da mugun nufi, na san taimako yake ganin ya yi. Amma wanda bai karanci jikin dabba ba ya kamata ya iya cewa wannan ba fannina ba ne, je ki wurin likitan dabbobi. Haka waɗanda ke yawo da jaka gida gida suna allura ana kiransu dakta. Likitan dabbobi na gaskiya yana da rajista da Veterinary Council of Nigeria, kuma ba laifi ba ne ki tambaye shi. In kin koma kemis ɗin, ki gaya masa abin da na faɗa cikin mutunci, domin gobe wani yaro zai je da zomonsa.

Maganin ƙarin jinin ma ki ajiye shi. Haɗe-haɗen bitamin na mutane suna da sinadarin ƙarfe da bitamin A da D fiye da abin da ɗan jikin nan zai ɗauka. In kuma wani ya kawo miki zancen ƙwayar sa ƙiba irin su dexamethasone, ki ƙi, domin tana karya garkuwar jiki, ciwon huhun da kuka sha wahalarsa ya dawo.

To me ke damunsa? Daga 1,050 zuwa 780 ya zubar da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, kuma tsufa kaɗai ba ya yin haka. Kin ba ni alamu biyu masu muhimmanci: yana son abincin amma ya kasa ci, kuma haɓarsa a jiƙe. Wannan haƙori ne har sai an tabbatar ba shi ba ne. Haƙoransa 20 duk tsiro suke yi har ƙarshen rayuwarsa, tauna ciyawa ce ke goge su. Makonnin da ya yi kwance bai tauna komai sosai ba sun isa turamen ciki su yi tsawo. Na ƙasa sukan karkato su haɗu a saman harshe su danne shi, na sama su yi tsini su riƙa yankar kumatu. Ba za ki gan su ba in kin ɗaga leɓensa, na gaba kaɗai za ki gani, kuma suna iya zama lafiya ƙalau alhali ciki ya lalace. Sai likita ya leƙa da na'ura, galibi sai an ɗan sa shi barci kafin a goge su. Kada ki yarda kowa ya datse masa haƙori da abin yankan farce, yana tsaga haƙorin har saiwa. Ki koma wurin likitan da ya duba shi a cikin makon nan, in ba shi da kayan aikin, Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ba shi da nisa da ku. A duba ƙirji, a taɓa ciki, a duba fitsari saboda tsakuwar mafitsara da ciwon ƙoda, waɗanda suka yawaita a wannan shekaru. A kuma yi maganar maganin rage zafi, meloxicam muke bayarwa, domin dabbar da ke jin ciwo ba ta ci.

Kafin nan, aikinki shi ne kada cikinsa ya zauna babu komai. Ɓeran Masar ba ya azumi. In ya yi awa 12 bai ci ba hanjinsa ya fara tsayawa. Ki sami sirinji mai cin mil 1, wato mililita ɗaya, ki cire allurar, ki yanke bakinsa ya ɗan yi faɗi. In kina samun abincin ɓeran Masar na kanti, ki jiƙa shi da ruwan ɗumi ya yi kauri kamar kunu. In babu, ki daka busasshiyar ciyawa mai tsabta ki tankaɗe, ki dama da dafaffiyar kabewa da ɗan garin Quaker Oats kaɗan. Ki naɗe shi da tawul yana zaune a kan ƙafafunsa, kada ki kwantar da shi rigingine, ki sa sirinjin ta gefen baki bayan haƙoran gaba, ki tura kaɗan ki jira ya haɗiye. Wanda ba ya ci sam yana bukatar kimanin mil 40 zuwa 60 a yini a wannan nauyin, a raba sau biyar ko shida. Tunda naku yana ɗan taɓawa, mil 10 sau uku ko huɗu ya isa farawa. Wannan aiki ne da 'yarki za ta iya koya, kuma zai rage mata zaman zullumi.

Gyaɗa da masara kuwa a'a. Mai da sitaci masu yawa suna dagula ƙwayoyin hanjin nan da muke ƙoƙarin farfaɗowa, kuma ba sa goge haƙori. Haka dusa zalla, haka abincin kaji, haka burodi da madara. Abin da zai gina shi ciyawa ce, ɗanya da ingirici, dare da rana a gabansa: kiri-kiri, harkiya, ɗanyen ganyen masara mai taushi, daga inda ba a yi feshi ba kuma ba bakin kwata ba. Harawar wake ko ta gyaɗa tana sa nama, kina iya ba shi ɗan dunƙule a yini yanzu da yake rame, muddin babu fumfuna a jikinta, amma ki janye idan ya murmure ko aka ga tsakuwa, saboda yawan kalsiyam ɗinta. Zogale da alayyahu ma kaɗan kaɗan saboda wannan dalili. Duk sabon abinci a shigo da shi a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

Sai bitamin C. Kamar mutum, ɓeran Masar ba ya iya haɗa shi a jikinsa. A kansa ma masu bincike Axel Holst da Theodor Frølich suka nuna cutar rashinsa a ƙasar Nowe a 1907. Wanda ya yi jinya bai ci ganye ba kusan tabbas ya yi ƙaranci, kuma ƙarancin na kawo ciwon gaɓoɓi, kumburin dasashi da girgizar haƙori, wato ya ƙara hana shi ci. Ki sami farar ƙwayar bitamin C zalla mai miligiram 100, ki raba huɗu, ki narka kashi ɗaya ki ba shi da sirinji da safe, ɗaya da yamma, na mako biyu, daga nan ki koma kashi ɗaya a yini. Kada ki zuba a ruwan shansa, yana lalacewa da sauri kuma ɗanɗanon kan sa ya ƙi shan ruwan. Tattasai marar yaji, kore ko ja, da ɗan yankin gwaiba da aka cire wa 'ya'ya suna da shi sosai. Ki yanka siriri ko ki goga a magogi tunda bakinsa na ciwo.

Wani abu da masu kiwon tsofaffin mazan ɓeran Masar ba su cika sani ba: ɓeran Masar yana cin wani kashi mai laushi da yake fitarwa, daga nan yake samun bitamin B da wasu abubuwan gina jiki. A tsohon namiji jakar da ke kusa da duburarsa takan saki, kashin ya dunƙule a ciki ya kasa fita. Ki duba kullum, in ya taru ki share a hankali da auduga da ruwan ɗumi.

Ki shimfiɗa masa tsumma mai laushi ko ciyawa, ba wayar keji ba, ba garin katako mai ƙura ba tunda huhunsa bai daɗe da warkewa ba. Abinci da ruwa su kasance kusa da inda yake kwana. Ki kuma shirya wa bazara tun yanzu: asalinsa dabbar tsaunukan Andes ce a Kudancin Amurka, ya fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 24, kuma zafin Maris da Afrilu na iya kashe shi a wuni ɗaya. Ɗaki mafi sanyi a gidan, nesa da kwanon rufi da rana, da gorar ruwan sanyi naɗe da tsumma a gefensa.

Ki auna shi kowace safiya kafin ya ci, ki rubuta. Shekara 6 tsufa ne a dabbar da galibi ke rayuwa 5 zuwa 7, don haka ba lallai ya koma 1,050 ba, kuma ya kamata ki faɗa wa yarinyar haka a hankali. In ramar ta tsaya, ya fara ƙara giram 10 ko 20 a mako, yana ci da kansa, ana samun nasara. In kuwa ya ƙi ci gaba ɗaya, ko kashinsa ya ƙanƙance ko ya ɗauke, ko cikinsa ya kumbura, ko zawo ya zo, ko ya koma numfashi da ƙyar, a ranar za a kai shi asibiti, ba a jira wayewar gari.