Takardar haraji ta iso shago, me zan fara yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da kayan gini a Garwa. Ma'aikatan haraji sun binciki cinikina na 2022 da 2023, sai ga takarda wai na rage riba, ana bina sefa miliyan 1 da dubu 200. Ban yarda da lissafin ba. Wani maƙwabci ya ce in yi shiru, za su manta. Haka ne?
Mai karatu, Garwa

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka bi wannan shawara. A dokar harajin Kamaru, in wa'adi ya wuce ba ka ce komai ba, an ɗauka ka amince.

Fara duba sunan da ke saman takardar. Idan an rubuta notification de redressement, bashi bai hau kanka ba tukuna, lissafinsu ne suka gabatar maka. Kana da kwana 30 daga ranar da ta shiga hannunka ka mayar da amsa a rubuce, kuma a nan gyara ya fi sauƙi. Bi adadin ɗaya bayan ɗaya, kowanne da shaidarsa: rasiɗin sari, kuɗin motar da ta ɗauko siminti da kwano, hayar shago, albashin yaran shago, takardar banki. Abin da ya fi kayar da 'yan kasuwarmu shi ne sari ba rasiɗi, da barin kuɗin amanar 'yan'uwa su bi ta asusun shago. Mai bincike yana ganin abin da ya shigo, ba ya ganin abin da ka kashe, sai ya lissafa shi cikin riba.

Duba tarar ma da kyau. Kuskure ba da gangan ba kashi 30 cikin 100 ne, ɓoyewa da gangan kashi 100, zamba kashi 150, ban da kashi 1.5 na jinkiri kowane wata. A ce asalin harajin dubu 600 ne aka ninka maka. In ka nuna kuskure ne, zai sauko dubu 780 kafin kuɗin jinkiri.

Idan kuwa AMR ce, wato avis de mise en recouvrement, kuɗin ya zama bashi. Nan ma kwana 30 gare ka ka kai ƙorafi ga shugaban ofishin haraji na yankin Arewa da ke Garwa. Ka manna tambur, ka sa hannu, ka rubuta lambarka ta NIU, wato lambar shaidar mai biyan haraji, da irin harajin da shekarunsa, ka haɗa kwafin AMR da shaidar ka biya ɓangaren da ba ka musu. Ka roƙi a dakatar da karɓar sauran a rubuce, abin da suke kira sursis de paiement, don in ba haka ba ana iya tare asusunka a banki ko a garƙame shagon. Duk takardar da ka kai, a buga maka hatimi da kwanan wata a kwafinka. In an ƙi ƙorafin, mataki na gaba ministan kuɗi ne.

Tambaya: Wani ya zo shagona a Marwa ya ce in ba shi rabin kuɗin harajin da ake bina a hannu, zai rufe maganar.
Mai karatu, Marwa

Amsa: Hajiya, kada ki bayar ko dala. Kuɗin da bai shiga da lambarki ta NIU ba, bashin yana nan a kwamfutar ofishin haraji. Ki biya ta banki ko ta waya, ki adana rasiɗin hukuma.